Neman shawara kan dashen furanni da gyaran gefen lambun dandalinmu

Maƙwabciyar Lambu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina zaune ne a yammacin Landan, a ɗaya daga cikin gidajen da suka kewaye wani lambu na haɗin gwiwa, irin wanda aka zagaye da shingen ƙarfe, kowane gida kuma yana riƙe da makullinsa. A taron shekara da ya gabata maƙwabta suka sa ni cikin kwamitin kula da lambun, suka ɗora mini alhakin fangulan furanni da suka bi gefen shingen ta fuskoki huɗu. Na karɓa da zuciya ɗaya, domin a lambun nan 'ya'yana suka koyi tafiya, kuma yana yi mini ciwo in ga yadda gefensa ya lalace.

Ga halin da ake ciki. Muna da manyan bishiyoyin filen, irin bishiyar inuwar da ta cika titunan Landan, guda shida da suka girmi duk wanda ke zaune a unguwar, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta yi tauri kamar daɓe, har shebur ba ya shiga sai an hau shi da ƙafa. Shekara da shekaru mai kwangilar da ke kula da wurin yana kawo ƙananan furanni sau biyu, a watan Mayu da watan Oktoba, ya jera su, su yi makonni kaɗan suna ƙayatarwa, daga nan na ƙarƙashin bishiyoyi su yanƙwane, mu koma kallon ƙasa tsirara har zuwa dashe na gaba. Ɗan gajeren shingen tsiron bokis da ya yi wa fangulan iyaka shi ma ya ƙare. A watan Agusta na ɗaga wani reshe, sai na ga saƙa kamar yanar gizo-gizo, da koriyar tsutsa mai baƙin kai a ciki, ganyen kuwa saura jijiyoyinsa kawai. Albasar furen tulif da muka binne a watan Satumba na bara, kafin mako biyu kurege ya tone rabinta.

Kuɗin da ke hannun kwamiti ba zai ɗauki gyaran fuskoki huɗu a lokaci ɗaya ba, kuma kan maƙwabta ya rabu: wasu na son a ci gaba da furanni masu launi kamar yadda aka saba, wasu na son a tuge komai a sake sabon lale. Ina roƙon waɗanda suka san aikin nan su ba ni shawara kan abin da ya kamata mu fara da shi, da abin da zai rayu a ƙarƙashin waɗannan bishiyoyi, da kuma watan da ya dace da kowane dashe, domin in je taro na gaba da magana mai tushe.

Tsohon Mai Lambu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya taya ki riƙo. Na yi shekaru masu yawa ina aiki a irin waɗannan lambuna kafin gwiwa ta sa na ajiye shebur, kuma abin da kika kwatanta na gan shi sau da dama. Tushen matsalarku yana cikin ƙasa, kuma duk furen da kuka saya kafin ku gyara ta, tamkar zuba ruwa ne a rariya.

Ki fara da fahimtar maƙwabciyar da ba za ta tashi ba, wato bishiyar filen. An cika Landan da ita ne saboda ta jure hayaƙin gawayi lokacin da wasu itatuwa suka kasa, kuma tana daɗewa ƙwarai, domin waɗanda aka dasa a Dandalin Barkili tun 1789 suna nan tsaye har yau. Yawancin saiwoyin da take shan ruwa da su ba sa wuce zurfin santimita 60, suna kuma bazuwa har su zarce inda inuwarta ta tsaya. Ganyenta yana tare ruwan sama kafin ya iso ƙasa, ruwan da Landan ke samu a shekara kuwa kimanin milimita 600 ne kacal, bai kai yadda mutane ke zato ba. Ki haɗa wannan da ƙasar yumɓu da ke ƙarƙashin yawancin birnin, wadda take zama taɓo a hunturu ta kuma tsattsage a lokacin zafi. Ɗan furen da ya tashi a gidan reno ana shayar da shi kullum, ta ina zai yi takara da bishiyar da ta haura shekara ɗari a wurin?

Kafin ku sayi ko da tsiro ɗaya, ki zana taswirar lambun a takarda, ki fita sau uku a yini guda, da safe da tsakar rana da yamma, kina yi wa inda rana ke sauka alama. Za ki tarar fangalin da ke arewacin dandali, wanda ke fuskantar kudu, shi ya fi samun rana, na kudanci kuwa gidaje da bishiyoyi suna tare masa ita. Fuskoki huɗun nan lambuna ne daban-daban, kuma kuskuren da aka daɗe ana yi muku shi ne jera musu fure iri ɗaya.

Sai gyaran ƙasa. Kada ku bari kowa ya shiga ƙarƙashin bishiyoyin da injin kafta ko haƙa mai zurfi, kuma kada a tula sabuwar ƙasa a kan saiwoyi da sunan ɗaga fangali, domin saiwa tana bukatar iska. Abin da za ku yi shi ne shimfiɗa ruɓaɓɓen taki ko ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 7 a kan ƙasa, a watan Oktoba ko Nuwamba bayan ruwa ya jiƙa ta, ku bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututturen bishiya. Tanar ƙasa ce za ta yi muku kaftun, ta riƙa jan takin zuwa ciki a hankali. Ku maimaita kowace shekara. Ina kuma roƙonku ku daina bari a kwashe ganyen da ya zube a tafi da shi. Ganyen filen yana da kauri kamar fata, ba ya ruɓewa da wuri, amma idan aka bi ta kansa da injin yankan ciyawa ya daddatse, aka tara shi a kejin ragar waya a wani lungu, aka jiƙa shi, bayan kamar shekara biyu za ki sa hannu ki ɗebo baƙar ƙasa mai laushi da ƙamshin daji, wadda ta fi duk abin da za ku saya a buhu.

Game da abin da zai rayu a busasshiyar inuwa, waɗanda ban taɓa jin kunya da su ba su ne efimidiyum, da jeraniyum mai kaurin saiwa wanda ganyensa ke ƙamshi idan an murza, da sikilamen mai ganye irin na aibi (tsiron nan mai hawa bango) wanda ke fure daga Agusta zuwa Oktoba ya kuma riƙe ganyensa duk hunturu, da helebo mai fure tun Janairu. Ku sa sarkokoka kusa da hanya, domin furenta ƙanana ne ba a cika lura da su ba, amma a tsakiyar sanyin Janairu ƙamshinta yana tare mai wucewa. Ku sayi ƙananan dashe, domin ƙaramin rami ake iya samu a tsakanin saiwoyi, kuma ƙaramin tsiro ya fi saurin sabawa. Ku dasa a kaka, lokacin da ƙasa ke da sauran ɗumi ga kuma danshi. A lokacin zafi na farko ku shayar da su sosai sau ɗaya a mako, kada a riƙa yayyafi kullum, domin yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama.

Albasar furanni kuwa ita ce ribar da filen ke bar muku, saboda bishiyar ba ta cika fitar da ganye ba sai wajen ƙarshen Afrilu, kafin nan haske yana isa ƙasa. Dafodil da kurokus a binne su a Satumba zuwa farkon Oktoba. Tulif a dakata da shi sai Nuwamba, lokacin da sanyi ya rage haɗarin cutar da ke ƙona ganyensa, kuma a kai shi fangalin da ke samun rana. Zurfin rami ya kai tsawon albasar sau uku. Kurege yana son tulif da kurokus amma ba ya taɓa dafodil saboda dafinsa, don haka inda kuka binne waɗancan ku shimfiɗa ragar waya ku rufe ta da taki, ku ɗauke idan toho ya fara. Bayan fure ya faɗi a bar ganyen aƙalla mako shida kafin a yanke, ko da ya yi muni, domin da shi albasar ke tara abincin baɗi.

Sakatariyar Wani Kwamiti ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Duk abin da Baba ya faɗa game da ƙasa na yarda da shi, amma ina so in ja hankalinki zuwa ɓangaren mutane, domin a lambun haɗin gwiwa nan ne gyara ya fi tuntuɓe. Ni ma ina cikin kwamiti irin naku, kuma a shekarar da muka daina furanni masu launi gaba ɗaya muka koma tsirrai masu dawowa kowace shekara, mun yi daidai ta fuskar ilimi, amma mun ɓata wa dattawan unguwa rai. Akwai wata tsohuwa da ba ta iya zagaya lambun, iyakarta bencin bakin ƙofa, kuma jajayen furannin nan na watan Mayu su ne abin da take fitowa kallo. Tsirrai masu dawowa suna ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin su rufe ƙasa, a tsakanin nan kuwa abin da mai biyan kuɗi yake gani shi ne taki da 'yan ganye. Shawarata ita ce ku bar ɗan fangali ɗaya ko manyan tukwane biyu a bakin ƙofa, inda rana take kuma famfo yake kusa, a ci gaba da sauya musu fure sau biyu a shekara. Kuɗin kaɗan ne idan aka gwada da fuskoki huɗu, kuma zai saya miki haƙurin mutane.

Ku ɗauki fuska ɗaya a shekara, ku fara da wadda ta fi lalacewa, ku liƙa zanen abin da za a yi a jikin ƙofa tun kafin a fara, kuma ku kafa 'yan alluna masu sunan kowane tsiro. Mutum idan ya ga suna a rubuce ya san an dasa wani abu, ba zai taka ba, ba zai kuma ce an bar wurin kango ba. Ranar binne albasa ku gayyaci yara. Yaron da ya binne dafodil da hannunsa a Satumba shi zai hana abokinsa buga ƙwallo a kansa a Maris. Sai dai a nuna musu cewa albasar nan ba ta ci ba ce, kuma su wanke hannu bayan aiki.

Akwai kuma dokoki da ya kamata ki sani kafin ki sa hannu a takardar kowane mai kwangila. Dokar kare dandalin Landan ta 1931 ta hana gini a kan fiye da dandali 400, saboda haka ko rumfar ajiye kayan aiki kuke tunani, ku bincika tukuna. Idan kuna yankin Kensintin, da yawa daga lambunan can suna ƙarƙashin dokar 1851, wadda a bisa ita ƙaramar hukuma ke karɓar kuɗin lambu tare da harajin gida ta miƙa wa kwamiti, kuma wannan yana nufin kowane mai biya yana da haƙƙin tambayar inda kuɗinsa ya tafi. Yawancin waɗannan dandali suna cikin unguwannin da aka keɓe don adana tarihi, inda dole ne a ba ƙaramar hukuma sanarwar mako shida kafin a sare ko a datse bishiyar da kaurin gangar jikinta ya wuce milimita 75 idan an auna a tsayin mita ɗaya da rabi. Na faɗi wannan ne domin tabbas wani zai miƙe a taro ya ce a rage rassan filen haske ya shigo. Sannan dokar namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar tsuntsu da gangan muddin ana amfani da ita, don haka tuge shinge ko babban sassabe a bar shi sai bayan Agusta, a kuma gama kafin Maris.

Batun ban ruwa kuma ku rubuta shi da sunaye da ranaku, kada ku bar shi a kan alkawarin baki. A watan Yuli na 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko tun da aka fara aunawa, a watan Agusta kuma aka hana amfani da mesar ban ruwa a Landan. Sababbin dashen da suka tsira a wurinmu su ne waɗanda aka san wanda ke ɗaukar musu buta.

Ɗalibin Aikin Lambu ya rubuta:

Hajiya, barka da wannan aiki. Da izinin Baba da Anti, zan tsaya a kan shingen bokis, domin shi nake karantawa a yanzu. Abin da kika gani tsutsar wani faɗa-wuta ce da asalinsa gabashin Asiya ne, kuma a 2011 aka fara samun tsutsar a lambunan gidaje a Ingila, daga nan ta mamaye Landan da kewaye. Saƙar da koren jiki da baƙin kai su ne shaidarta. Ki duba kuma ko akwai baƙaƙen zane a jikin ƙananan rassa da ɗigo masu ruwan ƙasa a ganye, domin wannan wata cuta ce daban ta funfuna wadda ta bayyana a ƙasar tun tsakiyar shekarun 1990, kuma ƙwayoyinta suna zama a cikin ganyen da ya zube na tsawon shekaru. Idan ita ma tana nan, kada ganyen bokis ya shiga kejin takin da Baba ya ambata.

Bokis yana iya sake toho bayan tsutsa ta cinye shi, amma faɗa-wutar tana hayayyafa fiye da sau ɗaya a shekara, kuma tsare shinge mai tsawo yana bukatar a riƙa dubawa ana tsincewa daga Afrilu har Oktoba. Kwamitin 'yan sa kai ba kasafai yake jure wannan ba, shi ya sa nake ganin ku haƙura da shi. Ƙungiyar masu lambu ta RHS ta dasa tsirrai iri-iri da za su iya maye gurbinsa a lambunta na Wizli da ke gundumar Sari, kuma zuwa can ya fi duk bayanin da zan yi, tunda gani ya kori ji. Wanda aka fi komawa gare shi shi ne itacen yu, domin yana jure inuwa yana kuma karɓar aski, amma yana da sharuɗɗa biyu: ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa, abin da ke faruwa a yumɓu idan ba a gyara ba, sannan ganyensa da ƙwallon 'ya'yansa guba ne, wanda ya kamata a faɗa wa iyaye da masu karnuka a fili kafin a yanke shawara. Lonisera mai ƙananan ganye tana da arha da saurin girma, amma saurin nan yana nufin aski sau da yawa a shekara. Duk wanda kuka zaɓa, ku saye shi tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da ake sayar da dashe da saiwarsa tsirara ba tukunya, domin ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Ni dai a ƙarƙashin bishiyoyin ba zan mayar da shinge ba sam. Siririn ƙarfe ko jerin bulo da aka binne daidai da ciyawa ya isa ya raba fangali da fili, jeraniyum kuma ya zubo a kansa, kun rage wani baki da ke shan ruwan wurin. Fangalin rana kuwa ku ba shi salbiya da sidam da babina mai dogon kara da asta, waɗanda za su riƙe fure daga Yuni har Oktoba ƙudan zuma na bin su. Lafanda ba ta son jiƙaƙƙen yumɓu a hunturu, sai an ɗaga mata wuri. Sidam da asta idan aka rage musu kashi ɗaya cikin uku na tsayi a ƙarshen Mayu, wajen lokacin baje kolin furanni na Celsi, suna yin gajarta da cika, ba sa kwantawa a kan hanya.

Maƙwabciyar Lambu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da ke 'yar'uwa, da kai ƙanena. Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar na fita da takarda sau uku kamar yadda Baba ya ce, kuma na yi mamakin ganin cewa fuskar gabas, wadda muke ɗauka inuwa ce gaba ɗaya, tana samun rana daga bayan azahar har kusan faɗuwarta a rabinta na arewa. Na duba bokis ɗin ban ga baƙin zane a rassa ba. Abin da zan kai taro shi ne mu fara da fuskar kudu a bana da taki da ƙananan dashe, mu kafa kejin ganye a bayan rumfar kaya, mu bar tukwanen bakin ƙofa yadda suke.

Saura abu ɗaya da ke damuna. A kusurwar yamma akwai azaliya uku da wani maƙwabci ya dasa don tunawa da matarsa da ta rasu, kuma kowace shekara ganyensu yana ƙara zama rawaya, jijiyoyin ne kawai ke kore. Ba na so su mutu a hannuna, kuma ba na so in taɓa su ba da saninsa ba.

Tsohon Mai Lambu ya sake rubutawa:

'Yata, rawayan ganye da koren jijiya a jikin azaliya alama ce ta cewa ba ta samun sinadarin ƙarfe, kuma sababin hakan yawanci farar ƙasa ce ta yi yawa a inda take. Ƙasar tsofaffin dandali cike take da ɓaraguzan gini, ruwan famfon Landan kuma shi ma yana ɗauke da farar ƙasa, azaliya kuwa ƙasa mai tsami take so. Ki sayi ɗan abin gwajin tsamin ƙasa, wato awon pH, a shagon kayan lambu ki auna wurin. Idan awon ya kai 7 ko ya haura, maganin da za ki zuba na ɗan lokaci ne kawai, rawayan zai dawo.

Ki je wurin mutumin da kanki kafin taro, ki nuna masa ganyen da sakamakon awon, ki ce kina neman izininsa a cece su. Saiwar azaliya ba ta da zurfi, a dunƙule take, don haka tana jure ciro idan an yi shi a Oktoba. A sa kowace a babbar tukunya da ƙasar da ake haɗawa musamman don tsirrai masu son tsami, a ajiye tukwanen a kusurwar nan tasu inda ya saba zuwa, a kuma kafa ganga a ƙarƙashin indararon rumfar kaya domin a riƙa shayar da su da ruwan sama. Ranar ciron ki bar shi ya riƙe ta farko da hannunsa.